Batirin babur mai caji a zafin bazara: abin da ke cin sa ta ciki

Ranar wata Alhamis cikin watan Afrilu ƙanena ya dawo gida ana kiran azahar, bayan tun sassafe yana jigilar mutane da kaya zuwa kasuwar Maigatari. Babur ɗinsa irin mai cajin nan ne, wanda ya saya bayan fetur ya gagari 'yan acaɓa. Ya kafe shi ƙarƙashin rumfar kwano da ke ƙofar gida, ya jawo caja ya jona, yana sauri ya samu ya koma kafin kasuwa ta watse. Cajar ta yi ƙyaf-ƙyaf da jar fitila, ta ƙi ja. Ya zare ya sake jonawa, ya bubbuga ta a tafin hannu yadda ake yi wa tocila, shiru.

"Yaya, cajar nan ta mutu. Ko wata huɗu ba ta yi ba."

Na ɗora hannu a kan baƙin akwatin batirin da ke ƙarƙashin kujera, ban iya barin hannun ya daɗe ba, kamar ka taɓa murfin tukunyar da aka sauke ɗazu. Na ce masa ya tura babur ɗin cikin zaure, ya je ya yi sallah, ya ci abinci, ya ɗan kishingiɗa. Da aka yi la'asar ya sake jonawa, caji ya kama kamar ba a yi komai ba. Ya dube ni ya ce, "To wannan wane irin salo ne, abu sai ya ga dama?"

Cajar lafiyarta ƙalau. Batirin ne ya ƙi karɓa, kuma da gangan ya ƙi. A cikin akwatin akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, masu gyara na ce masa BMS, aikinsa gadin batir: yana auna cikarsa, yana auna wutar da ke shiga da mai fita, yana kuma da 'yar waya mai jin zafi da aka manna a jikin ƙwayoyin, wato ƙananan batiran da ke jere a cikin akwatin. Yawancin kamfanonin da ke ƙera ƙwayoyin batirin litiyam, wani ƙarfe mara nauyi da ke ɗaukar cajin, ƙa'ida kusan iri ɗaya suke rubutawa a takardarsu: a yi caji tsakanin digiri 0 da 45, a yi aiki da shi har zuwa wajen digiri 60. Mu kuwa nan ƙasar Gumel, a tsakiyar bazara ma'auni kan nuna 42 ko 43 a inuwa. Wato tun kafin ka tayar da babur, tsakaninka da iyakar caji bai wuce digiri biyu ko uku ba. Ka ƙara da tafiyar awa shida, ka ƙara da rumfar kwano. Mai gadi ya ga an haura iyaka, ya rufe ƙofa.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura 1,000, abin hawa mai caji ya daina zama labarin Turai. A birnin Kano ga su hannun 'yan makaranta da ma'aikata, a Maiduguri gwamnati ta zuba motocin haya masu caji, yanzu kuma sun fara shigowa ƙauye ɗaya-ɗaya. Hirar da ake yi a kansu a majalisa ba ta wuce biyu: nawa ne, kuma kilomita nawa yake yi kafin caji ya ƙare. Ni da nake koyar da kimiyya a sakandare, tambaya ta uku ce ke damuna, wadda ba mai yi wa dila: me aka tanadar wa batirin nan na zafi? Shi ne abu mafi tsada a jikin abin hawan, kuma a ƙasarmu zafi ne ajalinsa. Wasu masu arha batirin dalma ne da su, dangin na mota da muka sani; su ma zafi na cinye su, amma magana a nan kan litiyam ce.

In ka buɗe akwatin, abin da ban ba ka shawara ba, za ka tarar da ƙwayoyi a jere, wasu kamar batirin tocila, wasu kamar ƙaramin littafi. Kowace ƙwaya a cikinta falle biyu ne na ƙarfe mai siririn gaske, an naɗe su tare kamar tabarma. Falle ɗaya an shafe shi da baƙin abin nan na bakin fensir, ɗayan an shafe shi da haɗin da ke ɗauke da litiyam. Tsakaninsu akwai wata leda da ba ta kai gashin kai kauri ba, mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ita ke hana fallen biyu taɓa juna. An jiƙa su duka da wani ruwa wanda a gaskiya dangin mai ne, yana kama wuta. In ana caji, litiyam ya ratsa ledar ya koma ɓangaren baƙin fensir ya zauna. In ana tafiya ya dawo. Kai-komon nan shi ne batir gaba ɗayansa. A kansa aka ba mutum uku kyautar Nobel a 2019, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kamfanin Sony kuma shi ya fara kai shi kasuwa a 1991.

Sai dai duk wutar da za ta wuce sai ta yi turereniya, kamar garken tumaki a ƙofar shinge, turereniyar nan kuwa ita ke zama zafi. Abin lura shi ne lissafinsa, wanda wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya gano tun wajen 1840: in ka ninka wutar da kake ja sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. In ka ninka sau uku, zafi sau tara. Ga ƙanena a kan kwalta shi kaɗai, babur na jan wuta kaɗan, batir na ɗumi-ɗumi. Ga shi kuma ya sauka kwalta ya shiga rairayin hanyar ƙauye, buhun gero a baya, fasinja a kan buhun, ya murɗe hannu har ƙarshe taya na tonon yashi. Wutar da yake ja a nan tana iya ninka ta farko sau uku. Shi a ganinsa ya wahalar da babur sau uku ne, alhali batir ya sha zafi sau tara. Caji mai sauri ma haka ne: cajar da ke cika batir a awa biyu maimakon shida, da zafi take biyan kuɗin saurin.

Jama'a sun fi jin tsoron gobara, don ita ake gani a bidiyo. Amma mafi yawan batiran da zafi ya kashe ko hayaƙi ba su taɓa yi ba, tsufa suka yi da wuri. Kowace uwar gida ta san miyar da ta kwana a hunturu da safe ɗumamawa kawai za a yi, wadda ta kwana a bazara kuwa kafin asuba ta yi tsami. Masana sinadarai suna da ƙiyasi a kan wannan, daga aikin Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin: duk ƙarin digiri 10, saurin irin wannan sauyi kusan ninkuwa yake yi. A cikin batir abin da ke tsamin shi ne ruwan nan mai kama da mai. Yana haɗuwa da litiyam a kan fallen baƙin fensir su zama wani ɓawo siriri. Ɓawon farko alheri ne, kariya yake bayarwa. Matsalar ita ce ba ya daina kauri, kuma duk litiyam ɗin da ya shiga cikinsa ya tafi kenan, ba zai ƙara ɗaukar caji ba. A digiri 25 ɓawon na kauri a hankali. A 35 saurin ya ninka, a 45 ya sake ninkawa. Shi ya sa masu ƙera motoci ke so batir ya zauna tsakanin digiri 15 da 35.

Ɓawon nan ya fi saurin girma in batir a cike yake maƙil. Babur ɗin da aka cika ɗari bisa ɗari aka kafe a rana yana jiran fasinja, ko a kashe yake tsufa yake yi. Sannan in ɓawo ya yi kauri sai ya ƙara matse hanyar wuta, turereniya ta ƙaru, zafi ya ƙaru, ɓawo ya ƙara kauri. Mai babur ba ya ganin ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da zai lura da shi kawai, bara yana zuwa Gumel ya dawo sau uku da caji ɗaya, bana sau biyu da ƙyar, sai ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci jabun ne. Sau da yawa kuwa bazara ce.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan. A ƙarshen 2010 Nissan ta fito da motarta Leaf, ɗaya daga cikin motocin caji na farko da aka ƙera da yawa don kowa da kowa. Batirinta an rufe shi a akwati ƙarƙashin mota, ba famfo ba ruwa, zafi ya nemi hanyar fita ta jikin ƙarfe da kansa. A ƙasashe masu sanyi abin ya tafi daidai gwargwado. A birnin Phoenix na jihar Arizona ta Amurka kuwa, inda hamada ce kuma zafinsu bai bambanta da namu ba, kafin 2012 ta ƙare masu motar sun fara kuka. Leaf tana da layuka 12 a gaban direba masu nuna lafiyar batir. Mutane suka ga layukan na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a motar da ba ta shekara biyu ba. Aka kai ƙara kotu, kamfanin ya ƙara garanti, daga baya ya sauya haɗin batirin da wanda ya fi jure zafi, wanda aka yi wa laƙabi da batirin ƙadangare. Ƙadangare dai mun san shi da shanya a kan katanga, amma in ka lura, shi ma in rana ta take inuwa yake nema. Na kawo wannan ne saboda tsofaffin motocin nan su za su riga iso mana a matsayin tokumbo, da arha mai ruɗi.

"To ba sai a sa masa fanka ba?" Tambayar da ƙanena ya yi kenan, kuma a nan ne ƙashin bayan maganar yake.

Duk direba ya san lagireto. Injin fetur na ƙona mai, fiye da rabin ƙarfin man zafi yake zama, ruwa ya kwaso wani kaso nasa ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Dabarar tana aiki har a Maigatari cikin Afrilu saboda ruwan injin a wajen digiri 90 yake zama. Iska mai digiri 43, a wurin ruwa mai 90, sanyi ce. Zafi halin ruwa ne da shi, gangare yake bi, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, tsakanin 90 da 43 kuwa gangaren babba ne. Batir kuma 30 yake so. In ka hura masa iska mai 43, gangaren ya juyo kansa kenan. Iyakar abin da fanka za ta yi shi ne ta sauko da batirin da ya kai 55 zuwa kusa da 43, ba za ta taɓa kai shi ƙasa da haka ba. Ga ƙura kuma. Toyota Prius, ko da yake batirin tsofaffinta ba litiyam ba ne, da fanka take sanyaya shi, tana jawo iskar cikin mota ta wata kafa kusa da kujerar baya. In ƙura ta toshe kafar, fanka na ta juyi batir na dahuwa. Wanda ya san ƙurar hunturu a hanyar Babura ya san ba za a daɗe ba.

Saboda haka yawancin motocin caji na yanzu suka koma ruwa. Ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi: kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar ninki huɗu na abin da kilo ɗaya na iska zai ɗauka, in kuma da mudu za a auna, mudu ɗaya na ruwa ya fi mudu 3,000 na iska. Ana haɗa shi da sinadarin gilaikol irin na lagireto, famfo ya riƙa tura shi ta cikin faranti ko siririn bututun alminiyam da ke manne da ƙwayoyin. Ruwan ba ya taɓa ƙwaya, ƙarfe ne tsakaninsu. Chevrolet Volt, wadda ta fito a 2010, tana cikin na farkon da suka bi wannan hanya, an saka faranti masu ruwa tsakanin ƙwayoyinta. Motar nan kuwa ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, shi ya zana siffar samfurinta na farko lokacin yana aiki da General Motors. Tesla Model S ta 2012 ƙwayoyi sama da 7,000 ke cikin babban batirinta, ƙanana masu kama da na tocila, sai aka bi tsakaninsu da wani faffaɗan bututu mai lanƙwasa kamar maciji, yadda kowace ƙwaya za ta jingina da shi.

To ruwan ma a ina zai zubar da zafin da ya kwaso? In lagireto ne kaɗai an dawo gidan jiya, iska mai 43 ce dai ke jira. Nan ne na'urar sanyaya mota ke shigowa. Kwamfireson da ke sanyaya fasinja shi ne kuma ke sanyaya ruwan: ana haɗa hanyar gas mai sanyi da hanyar ruwan a wani ɗan akwati, su gogi juna ba tare da sun gauraya ba. Kwamfireso ne ke iya tura zafi ya hau tudu, daga batir mai 30 zuwa iska mai 43, kamar yadda firijin mai sayar da ƙanƙara ke yi. BMW i3 ta 2013 ma ba ta tsaya wahala da ruwa ba, gas ɗin kai tsaye ta bi da shi ta ƙarƙashin batir. Wasu motocin Mercedes-AMG kuma zagaye ƙwayoyin suka yi da wani mai da wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa, dabarar da muka saba gani a taransifoma.

Don a ga girman aikin, a ɗauki mota a kan caja mai kilowat 150, a ce kashi biyar cikin ɗari kacal ke zama zafi. Kilowat 7.5 kenan, kamar a kunna dutsen guga bakwai a rufe su a akwati ɗaya ƙarƙashin kujera. Shi ya sa in ka tsaya kusa da irin motar tana caji za ka ji fankokinta na gurnani alhali ba kowa a ciki. Kuma bayan an sauko da zafin, saura daidaita shi. Ƙwayoyin kamar ayarin jakuna suke da aka ɗaure da igiya ɗaya, ayari kuwa tafiyar mafi rauni yake yi. Ƙwayar tsakiya ta fi ta gefe shan zafi, ita ke riga tsufa, in ta gaji mai gadi ya tsayar da kowa saboda ita. Injiniyoyi na ƙoƙarin kada bambancin ya wuce digiri 5 tsakanin ƙwaya da ƙwaya.

Wanda Allah ya hore wa irin motar nan, in na'urar sanyayawarta ta lalace ba a cewa a sauke gilas a ci gaba, domin batir ma da ita ya dogara. Ruwan sanyayawar kuma ba a cika shi da na rijiya ko na leda, yadda muke yi wa lagireto a bakin hanya.

Duk wannan labarin manyan motoci ne. Abin da ke iso mana ƙauye babur ne da adaidaita sahu, kuma kusan dukkansu ba famfo, ba kwamfireso, yawanci ko fanka babu. Lissafi ne ya kawo haka: famfo da bututu da kwamfireso nauyi ne, kuɗi ne, suna cin cajin da ake tattali, kuma suna iya yoyo. Sai aka rufe ƙwayoyi a akwati saboda ruwan sama da ƙura, rufin da ya hana ruwa shiga kuwa shi ke hana zafi fita. Masu kirki sukan yi akwatin da alminiyam mai tsaga-tsaga, su cika tsakanin ƙwayoyi da wani abu kamar danƙo mai miƙa zafi zuwa bango. Marasa kirki baƙar roba ce da soso. A irin wannan abin hawa, mai shi ne famfon, shi ne kuma kwamfireson.

Kwana biyu bayan abin nan na Alhamis ƙanena ya biya wajen wani bakanike ya ba shi labari. Bakaniken ya ce ai wannan mai sauƙi ne, 'yar wayar nan mai jin zafi ce ke kawo tsaiko, a zare ta a yi wa batir dairek. Ban ga laifinsa sosai ba. Haka ya tashi ya ga ana yi wa motoci, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka dairek, mota ta yi ta tafiya. Da ƙanena ya zo min da maganar na ce masa, "Kai, in ka bari aka taɓa wayar nan, babur ɗin ba zai ƙara kwana a gidan nan ba."

Ga dalili. In zafin ƙwaya ya doshi digiri 100, ɓawon nan ya fara rushewa, rushewar kuma zafi take fitarwa. A wajen 130 zuwa 165, ya danganta da irin robar, ledar tsakiya ta narke, fallen biyu su haɗu, duk cajin da ke ciki ya zube a lokaci ɗaya. In aka haura 200, a batiran da ke da nikel da kobalt, haɗin litiyam ɗin kansa ya fara sakin iskar oksijin. Ga mai, ga zafi, ga iska, duk a gwangwani ɗaya. Ƙwaya ɗaya ta kama ta ɗumama maƙwabciyarta, ita ma ta kama, kamar wuta a karan da aka tara bayan girbi. Yashi da bargo da muke kashe wutar fetur da su ba sa kashe wannan, don rufe ta ba ya hana ta numfashi. Ruwa mai yawa ne ke sauko da zafin. Tesla a littafinta na 'yan kwana-kwana ta ce mota ɗaya na iya cin lita 11,000, kuma wutar na iya sake tashi bayan awanni. Hayaƙin guba ne. Batirin da ya kumbura a daina aiki da shi, a ajiye shi a fili nesa da kara da harawa. Wanda ya fara huci ko hayaƙi kuwa ba a taɓa shi, a janye yara, kada a tsaya kallo.

A yi wa bazara adalci: rana ita kaɗai ba ta kai ƙwaya digiri 100. Sai an samu wani dalili, ƙwaya mai aibi tun daga kamfani, ko batir ya bugu, ko caja ba tasa ba, ko an cire mai gadi. Zafi dai yana rage nisan da ke tsakaninka da bakin ramin. Indiya ta gani a bazarar 2022, lokacin da babura masu caji suka riƙa kamawa da wuta a garuruwa daban-daban, kamfanoni suka janye dubbai daga hannun mutane, gwamnati ta tsaurara ƙa'idar gwajin batir. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne batiran haɗin gida, da ake tara tsofaffin ƙwayoyin kwamfutar hannu, kowace da shekarunta da cutarta, a naɗe da salatif a sayar da arha.

Akwai abu ɗaya a gidajenmu da ke saukowa ƙasa da zafin iska ba tare da kwamfireso ba, wato randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska, kuma duk litar da ta bi iska tana tafiya da zafin da ya ninka sau biyar wanda ake buƙata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. A kan wannan Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ana ajiye tumatir da alayyafo su yi kwanaki, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Dabarar ta fi ci a bazara, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Ƙanena na jin haka ya ce to sai ya jiƙa buhu ya rufa wa batir. Na ce a'a. Akwatin da ya sha girgizar hanyarmu ba a rantse a kan cewa bakinsa bai tsage ba, ɗigo ɗaya a kan allon nan ko a bakin soket ya isa. Ɗakin ake yi wa dabarar randa: a yayyafa ruwa a ƙasa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, batir na gefe a bushe.

Wanda bai riga ya saya ba yana da zaɓi tun a shago. Litiyam iri-iri ne. In ka ga an rubuta LiFePO4 ko LFP a jikin batir, haɗin ƙarfe da fosfet ne, ba ya sakin oksijin ɗinsa da sauƙi, kuma sai zafi ya kai nesa sosai kafin ya ɓalle. Kamfanin BYD na Sin, da ya fito da batirinsa Blade a 2020, soke shi ya yi da ƙusa a gaban kyamara don ya nuna hakan. Aibinsa nauyi, kuma a girma ɗaya bai kai mai nikel nisan tafiya ba. A ganina, a ƙasar da ma'auni ke kai 43, wannan ciniki ne da bai kamata a tsaya ja-in-ja a kai ba. Shi ma dai yana tsufa a zafi, a hankali ne kawai.

Abin da ya rage mai wuya shi ne wutar kanta. Inda ba wutar gwamnati sola ce abin dogaro, sola kuwa ta fi ƙarfi daidai lokacin da batir ya fi ƙin caji. Faifan ne ke son rana, batir ba ya so, amma sau da yawa za ka ga shagon caji kwantena ce ta ƙarfe, faifai a kanta, batira a cikinta. Doguwar waya mai kauri da ɗakin ƙasa sun isa su raba su. Kamfanoni irin su Ampersand a Ruwanda da Spiro a Jamhuriyar Benin da Togo wata hanyar suka bi: ɗan acaɓa ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke, na farkon ya huce, a yi masa caji a hankali a rumfarsu.

Mu dai ga yadda muka ƙare a gida. In ya dawo daga aiki ba ya jonawa sai babur ya yi awa guda yana hucewa. Ya fi yin caji da dare in an kawo wuta, ko da hantsi a sola kafin rana ta take, kuma ba ya cikawa maƙil sai ranar da zai yi nisa. A tasha inuwar darbejiya yake nema ko da an riga shi layi. Zauren ma mun fasa, domin Inna ta tuna mana cewa shi ne ƙofa ɗaya tilo ta gidan, kuma yara na kwana a ciki lokacin zafi. Sai muka kwashe kara da tsofaffin tukwane daga wani ɗakin ƙasa da ke bayan gida, muka faɗaɗa tagarsa, muka ja waya zuwa can.

Alhamis ce har yanzu ba mu warware ba. Ranar kasuwa batir kan ƙare da azahar yana huci da zafi, fasinja kuma a lokacin suka fi yawa, shi yana zaune yana kallon masu fetur na wucewa da mutanensa. Ya shiga adashi don ya sayi batir na biyu, ɗaya na hanya ɗaya na hucewa a ɗakin ƙasa. Kwasarsa sai bayan damina.